Mangwaron Gwaggo da lemun tsaminta: nazarin abinda ya sami wani ɗan lambu na cikin gida a Zariya

Wannan rubutun akan wani ɗan lambu ne na cikin gida a Zariya, gidan Gwaggona yayar mahaifinmu, da abinda ya same shi a damina ɗaya har aka kusa rasa komai, da kuma yadda aka bi aka gano musabbabin abun. Naga ya dace in kawo shi dalla-dalla ne saboda irin matsalar tana nan a gidaje da yawa daga Kano har Maraɗi, mutum yana da bishiya biyu ko uku a tsakar gida, da yaga sun fara canza kama sai kawai a aika a kira mai feshi, alhali alamar abinda ke damunsu tana nan a fili a jikin itacen da ƙasar da yake kai, har tsuntsayen gidan ma suna nunawa in da za a tsaya a duba.

Gidan irin tsofaffin gidajen cikin gari ne, zaure, sai tsakar gida mai faɗi, sai wani fili ta baya inda da can ake ɗaure tumaki. Tunda aka daina kiwo sai Gwaggo ta mayar da filin lambu, kuma da yake shekara da shekaru tumaki na kashi a wajen ƙasar baƙa ce wuluk, komai ka jefa sai ya fito. Akwai zogale jere a jikin katanga, da lalle guda biyu, da ɗoɗɗoya da na'a-na'a a cikin tsofaffin bokitai, in damina ta faɗi kuma a shuka kuɓewa da yakuwa da rama da alayyahu, a saki kabewa ta hau rumfa. Tafasa da lalo da gasaya su ba a shuka su, da kansu suke fitowa, Gwaggo bata yarda a cire su tace miya ce Allah Ya kawo har gida. Manyan itatuwa biyu ne, wani tsohon mangwaro a tsakar gida dab da ɗakin Gwaggo wanda marigayi maigidanta ya dasa, sai lemun tsami a kusurwa kusa da inda ake wanki da wanke-wanke. A gindin lallen akwai wani fasasshen kasko da kullum take zuba ruwa a ciki saboda tsuntsaye, in ka tambaye ta zata kawo maka hadisin nan da ke cewa duk musulmin da ya dasa itace ko yayi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ta ci daga ciki, to sadaka ce a gare shi. Akan wannan take tafiya, shi yasa ko kurciya ta sauka akan shanyar geronta bata cika korar ta da zafi ba.

Yadda abun ya fara

Zariya na samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa farkon Oktoba, kuma Agusta ne marka, lokacin da ƙasa bata samun sararin bushewa. To tun kafin markar, wajen watan Yuni, ganyen lemun tsamin ya fara yin baƙi, wani baƙin abu ya lulluɓe saman ganyen wanda in ka murza da yatsa yana fita, kiyashi kuma na ta hawa da sauka a jikin itacen. Mangwaron shi kuma wani babban reshe ta gabas ya fara bushewa tun daga ƙarshe, gara ta yi gini da jar ƙasa tun daga gindi har sama da tsayin mutum. Duk wanda ya shigo gidan abu ɗaya yake faɗa, gara ce, Hajiya gara zata cinye miki bishiya. Sai Kawu, ƙanin marigayin, ya kawo wani yaro mai feshi da galan ɗinsa a baya, ya haɗa maganin nan da ake kira fiya-fiya ya feshe komai, mangwaro da lemo da rumfar kabewa har zogalen da ake tsinka ana kwaɗo, kuma da sassafe yake zuwa wai kafin rana ta ɗaga, ya dinga zuwa kusan duk sati.

Shi wannan magani sinadarin da ke cikinsa dikulobos ne, guba ce mai ƙarfi wadda bata zaɓe, da ƙwaron da ke ɓarna da wanda ke gyara duk ɗaya ne a wajenta, ƙudan zuma kam nan take take kashe shi. A 2019 ma hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna, amma kowa ya sani har yau ana ɗura shi a kwalabe marasa suna ana yawo da shi. Ni dai a ganina babu dalilin da zai sa wannan abu ya shiga tsakar gidan da ake girki a ƙasa, yara na rarrafe, ana tsinkar ganye ana kaiwa baki.

Bayan kamar wata ɗaya da rabi ga abinda aka samu. Baƙin ganyen lemo bai ragu ba sai ma ƙaruwa, ganyen ya fara rawaya yana zuba. Reshen mangwaro na biyu ya bi sahun na farko. Gara ta ɓace kwana biyu ta dawo ta sake gininta. Kabewa ta yi yaɗo ta rufe rumfa, fure kam ba a magana, amma ɗan da ya fito da ya kai girman ƙwai sai yayi rawaya ya faɗi, ko ɗaya bai tsaya ba, ita kuwa kuɓewa da ke kusa da ita tana ta 'ya'ya abinta har ana kyauta. Abinda ya tsayar da feshin shine ranar da Gwaggo ta je zuba ruwa a kasko ta tarar da 'yan ƙananan jajayen tsuntsayen nan masu zuwa tsintar tsaba gindin turmi guda biyu a mace a gefen kaskon. Tace daga yau kada ya sake shigo mata gida da galan ɗin nan, in bishiyar zata mutu ta mutu.

Zuwan Baba mai lambu

Akwai wani dattijo da ke noman rani a fadamar Galma yana kuma rainon dashe yana sayarwa, wajensa Gwaggo ke sayen irin yakuwa da dashen barkono, shi aka roƙa ya zo ya duba. Na samu kasancewa a wajen, kuma abinda ya burge ni da shi bai fara da tambayar wane magani aka sa ba, yayi sallama aka yi masa iso, ya gaida Gwaggo, ya zagaya filin a hankali hannunsa a baya bai ce komai ba, sannan ya tsuguna gindin lemun tsamin ya fara tone ƙasa da hannu.

Abinda aka gani a nan shine ginshiƙin matsalar lemon. Shekarun baya da aka ga ruwan wanki na kwanciya a tsakar gida sai aka ja 'yar rariya aka karkatar da shi gindin lemon, wai a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ga tsafta ga ban ruwa, sannan duk sharar da aka yi da tokar murhu a nan ake tarawa har ƙasa ta hau jikin itacen fiye da taki ɗaya. Da Baba ya janye ƙasar sai ga ɓawon wajen yayi baƙi ya jiƙe ya tsattsage, wani ƙaro mai ruwan zuma yana tsatsowa ya daskare a jiki, ya sa farce ya ɓamɓaro sai wani wari mai tsami ya taso, naman itacen a ƙarƙashi ya koma ruwan ƙasa maimakon fari-fari. Ya ɗago yace, Hajiya ruwa baya tsami banza, ba gara ke cin lemon nan ba, ƙafarsa ce a cikin ruwa dare da rana.

Wannan ciwo sananne ne a duk inda ake noman lemo. Wata ƙwayar cuta ce mai suna Fitoftora, mai kama da funfuna, tana zaune a cikin ƙasa kuma ƙwayoyinta iyo suke a ruwa, to in gindin lemo yana jiƙe kullum kuma ƙasa ta rufe ɓawon sai su samu hanyar shiga su ruɓar da shi, in ruɓar ta zagaye gindin gaba ɗaya shikenan abincin da ganye ke haɗawa ba zai sauka ga saiwa ba itacen ya mutu. Lemun tsami na cikin masu saurin kamuwa. Ga kuma ruwan omo wanda gishirin da ke cikinsa yake taruwa a ƙasa yana ƙona ƙananan saiwoyi. Sa'ar da aka yi ruɓar bata kai rabin zagayen gindin ba, Baba yace in bata wuce rabi ba akwai fata. Ya sa aka kwashe tarin ƙasar har sai da kan manyan saiwoyin ya bayyana, ya kankare ruɓaɓɓen ɓawon da wuƙa har ya tarar da mai lafiya, aka samo garin maganin funfuna mai jan ƙarfe, shuɗin nan, aka dama da kauri aka shafa a wajen, aka toshe rariyar aka mayar da ruwan wankin waje. Ban ruwa kuma yace da rani a yi kewaye nesa da gindi daidai inda inuwar rassan ta ƙare, a nan saiwoyin da ke shan ruwa suke, jikin itacen kansa baya buƙatar ko ɗigo.

Baƙin ganyen kuma ashe wani funfuna ne na daban, kuma shi baya cin ganyen. Baba ya juya ganye ɗaya ya nuna mana ƙarƙashinsa, ga 'yan ƙananan ƙwari a manne, wasu kore wasu da farin gari a jiki, darɓa kenan da 'yan uwanta. Suna tsotsar ruwan ganye suna fitar da wani ruwa mai zaƙi mai danƙo, ruwan ya ɗiga kan ganyen ƙasa, baƙin funfunan ya tsiro akai ya tare hasken rana. Kiyashin da ke hawa da sauka zaƙin suke zuwa sha, kuma saboda shi suke gadin ƙwarin suna korar masu cinsu. Feshin da aka dinga yi ya kashe masu cin darɓar, irin 'yar jar buzuzuwar nan mai ɗigo-ɗigon baƙi da gizo-gizo, ita kuwa darɓa saurin haihuwa ne da ita, 'yan kaɗan da suka tsira a lungun ganye sai suka cika wajen babu mai taɓa su. Shi yasa abun ya ƙaru bayan magani. Abinda aka koma yi mai sauƙi ne, a daka ƙwallon darbejiya busasshe wajen giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace, a ɗan sa sabulu kaɗan, a fesa ƙarƙashin ganye da yamma lis bayan ƙudan zuma ya tafi.

Kauci da mai shan sa

Sai ya ɗaga kai sama ya nuna wani dunƙulen ganye a can ƙololuwar lemon, wanda kowa a gidan ya ɗauka wani reshe ne da yafi sauran lafiya don shi kaɗai ne kore shar bai yi rawaya ba. Kauci ne. Ganyensa yafi na lemo kauri da tsawo, launinsa ya ɗan yi toka-toka, kuma in ka lura da kyau zaka ga furanninsa sirara dogaye jajaye a cure a jikin reshe. Shi kauci bashi da saiwa a ƙasa, yana kafa kansa ne cikin reshen wata bishiyar yana zuƙe ruwa da sinadaran da ta jawo, wajen da ya kama sai ya kumbura yayi ƙulli, abinda ke gaba da ƙullin kuma ya rame ya bushe. Duk wanda ya taso a karkara ya san shi a kan kaɗanya da ɗorawa, masu maganin gargajiya ma nemansa suke suna bambanta kaucin wannan itace da na wancan, amma mutanen gari da yawa basu san yana hawa lemo da gwaiba a cikin gida ba.

Nan ne maganar tsuntsaye ta shigo, kuma wallahi wannan ɓangaren ne yafi tsaya min a rai. Da safe in ka zauna shiru wajen lemon zaka ga sha-kauci ya zo, ɗan ƙaramin tsuntsu mai dogon baki lanƙwasasshe, namijin baƙi-baƙi da jan ƙirji, kansa na ƙyalli kore in rana ta haska shi, macen kuma launin ƙasa ce ba ado. Baya zama wuri ɗaya, ya maƙale a jikin furen ya soka baki, furen kaucin a rufe yake sai tsuntsun ya taɓa shi yake tsagewa farat ɗaya ya watsa masa garin fure a goshi, ya tashi ya kai wa na gaba, da haka kaucin ke samun 'ya'ya. 'Ya'yan kuma wani tsuntsun daban ne ke rarraba su, ɗan mitsitsi mai gajeren baki da ɗigon rawaya a goshi, ba kasafai ake ganinsa ba sai dai a ji shi da tsakar rana yana ta tonk tonk tonk ba ƙaƙƙautawa daga saman bishiya. Yana haɗiye ɗan kaucin ya narkar da naman ya dawo da ƙwallon ta baki, ƙwallon kuma danƙo ne da shi sai ya goge bakinsa a jikin reshe, nan ƙwallon zai manne ya tsiro ya huda ɓawo. Da muka leƙa ta saman katanga sai ga darbejiyar maƙwabta cike da kauci, daga nan aka kawo mana.

Kawu da yaji haka yace to ai sai a sa yara da danƙo su dinga harbe su. Gwaggo tace a'a, ba a gidanta ba. Baba ma ya goyi bayanta da hujja, yace Alhaji wannan sha-kaucin da kake gani ba ruwan fure kaɗai yake sha ba, ƙananan ƙwari yake kamawa yana kai wa 'ya'yansa, rabin aikin da kake biyan mai feshi shi yake yi maka kyauta, kuma kauci in an gan shi da wuri sare reshe ɗaya ne ya raba gardama. Haka aka yi, aka sare reshen kamu ɗaya ƙasa da ƙullin, don in ka tsinke kaucin kawai ka bar ƙullin zai sake tohowa daga ciki.

Mangwaron

Shi wannan labarinsa bai yi daɗi ba. Baba ya kankare ginin garar da bayan lauje ya nuna mana cewa duk inda ta bi ɓawon dama matacce ne, bata taɓa wajen da ke da ɗanyen jiki ba. Sannan ya zagaya ta bayan bishiyar, tsakaninta da bangon ɗaki inda aka jingine tsofaffin kwanon rufi da turmin da ya fashe, ya sa aka janye su. A nan gindin, dab da ƙasa, wasu abubuwa ne guda uku suka fito daga jikin itacen kamar rabin faifai, samansu ja mai duhu yana sheƙi, bakin gefen fari, ƙarƙashin ma fari mai ƙananan huji da ido da ƙyar yake gani, in ka karce da tsinke wajen sai ya koma ruwan ƙasa. Da tauri suke, baka iya ɓalle su da hannu sai da sara. Ƙasar wajen da jikin kwanon duk wani jan gari ya bulbule su, irinsa kenan da iska ke ɗauka. Ya ƙwanƙwasa gindin da ƙotar lauje ta wannan gefe da wancan, ɗaya gefen ƙarar a cike, ɗayan kuwa kana ji kasan rami ne a ciki.

Ganoderma ake kiran wannan naman gwari, kuma abinda muke gani a waje 'ya'yansa ne kawai, jikinsa fararen zaruruwa ne da suka daɗe a cikin saiwa da gindin suna cin itacen har ya zama fari yayi laushi yana marmashewa. Kafin ya fito waje yawanci ya shekara da shekaru a ciki, kuma babu feshin da ke kai wa gare shi. Ta rauni yake shiga. Baba ya tambaya ko an taɓa yin haƙa kusa da bishiyar, Gwaggo tace ƙwarai, lokacin da aka haƙa sokawe an datse manyan saiwoyi ta wannan gefen har sai da aka kawo gatari, daga baya kuma aka yi daɓen siminti aka zagaye gindin ba a bar masa ko taki biyu ba. To kaga an sare masa saiwa, an kuma hana sauran ruwa da iska. Gara daga baya ta zo ta tarar da mataccen itace.

Ban ce gara bata ɓarna ba fa, tana kashe ƙananan dashe da rani in sun sha ƙishi, itacen turare ma ta fi son sa, kuma kowa ya san abinda take yi wa azara da littattafai. Amma a babbar bishiya yawanci alama ce ta cewa wani abu ya riga ya mutu. A ƙasar Tawa a Nijar da arewacin Burkina Faso manoma da gangan suke jawo ta, su haƙa 'yan ramuka a fako su zuba taki, abinda suke kira tassa ko zai, garar ta zo cin takin ta huda ƙasa ruwan sama ya samu hanyar shiga, da haka wani manomin Burkina Faso, Yakuba Sawadogo, ya mayar da fako daji har aka bashi lambar yabo ta duniya a 2018.

Baba yace bishiyar zata iya ƙara shekara biyu ko uku a tsaye, zata iya kuma faɗuwa a iskar farkon damina mai zuwa, kuma ta karkata ne ta kan ɗakin da Gwaggo ke kwana. Gwaggo tayi shiru ta daɗe, sannan tace mai gidan nan ne ya dasa shi shekarar da aka haifi babban ɗanta. Ba wanda ya matsa mata. Sai bayan kaka da kanta ta aika aka kira masu saran itace, suka sauke shi reshe-reshe da igiya, da aka zo gindin kuwa fiye da rabinsa hannu ma yana shiga.

Laimar kwaɗi da yara

A markar nan dai wasu kuma suka fito akan jujin taki a bayan gida, kala biyu. Akwai ƙanana sirara masu launin toka da ke fitowa da asuba a cure, kafin azahar sun narke sun zama baƙin ruwa. Akwai kuma manya farare masu faɗin tafin hannu da ɓawo-ɓawo a sama da zobe a wuyan sandar. Matan gidan sun tsorata sun ɗauka ciwon mangwaron ne ya bazu, har an ɗauko kalanzir za a zuba. Waɗannan basu da alaƙa da shi ko kaɗan, taki da ruɓaɓɓen ganye suke ci suna mayar da shi ƙasa mai kyau, ganinsu ma alama ce jujin yana nuna. Haɗarinsu ɗaya ne, ci. Wani almajiri da ke yi wa gidan aike yace a garinsu ana cin irin farin nan, naman kaza ne. Gaskiya ne akwai wanda ake ci, mai fitowa a jikin suri wanda gara ce ma ke noma shi a cikin gidanta, amma akwai mai kama da shi sak wanda in ya manyanta ƙarƙashinsa yakan koma kore-kore, shi kuwa amai da gudawa yake sa wa mai tsanani har a kwanta asibiti, kuma dafuwa ba lallai ta kashe dafinsa ba. Da aka bar ɗaya ya kwana biyu aka juya shi, kore ne. Dokar da Gwaggo ta kafa itace duk safiya a tsinke su a binne cikin jujin kafin yara su fito, kuma kada wanda ya kai wani naman kaza baki a gidan komai wanda yace ya san shi.

Kabewa da kuɓewa

Wannan shine mafi sauƙin warwarewa da zarar an kalli furen. Kuɓewa furenta ɗaya yana ɗauke da namiji da mace tare, tana iya yi wa kanta barbara ko babu ƙwaro. Kabewa kuwa furen namiji daban na mace daban, na macen zaka gane shi da ɗan ƙullin kabewa a ƙasansa, na namijin siririn tsinke ne kawai, kuma dole sai ƙudan zuma ya kwaso gari daga wannan ya kai wancan. Furen da sassafe yake buɗewa kafin rana ta take ya rufe, rana ɗaya tak yake yi, wato daidai lokacin da mai feshi ke zuwa. Baba ya nuna wa jikar Gwaggo yadda ake yi da hannu, a tsinko na namiji a cire masa rawayan ganyen a bar sandar tsakiya, a goga ta a tsakiyar na mace a hankali, namiji ɗaya zai ishi mace biyu ko uku. Yarinyar ta riƙe abun da gaske kafin ta tafi makaranta take yi, kuma a ƙarshen daminar an samu kabewa, ba da yawa ba don lokaci ya riga ya ja.

Inda ake yanzu

Lemon ya rayu. Raunin gindin ya bushe sabon ɓawo na tahowa daga gefe-gefe, damina ta biyu yayi fure sosai, duk da gefen da ya ruɓe har yanzu rassansa basu kai na ɗayan cika ba. Ƙudan zuma ya dawo kan kabewa da lalle ba a ƙara buƙatar barbarar hannu ba. Jajayen tsuntsayen gindin turmi sun dawo tare da shuɗayen nan masu jan ɗigo a kunci, sha-kauci ma ya rataye sheƙarsa a reshen lalle, ita da saƙar gizo yake ɗinke ta. Abinda aka rasa da tafiyar mangwaron banda inuwa shine manyan baƙin da ke sauka a kansa, cilakowa da ke zuwa da rani da hasbiyoyin da ke kwana a ciki, su basu da wurin sauka yanzu, kuma ɗakin Gwaggo da bazara zafi ne sosai har sai da aka yi mata rumfar kara a ƙofa.

Kututturen an tone shi da manyan saiwoyin an ƙone, don naman gwarin yana ci gaba da rayuwa a cikinsu ya kama duk itacen da aka dasa a wajen, ramin kuma aka bar shi a buɗe rana ta dake shi rani guda. Sabon mangwaro ɗan aure da Baba ya kawo ba a ramin aka sa shi ba, can baya aka kai shi nesa da sokawe da bango, aka bar wajen auren sama da ƙasa, ana zuba toka a kewayensa da rani saboda gara. An fasa daɓen simintin wani sashe na tsakar gidan don ruwan sama ya dinga shiga ƙasa.

Maganar da bata mutu ba itace ta darbejiyar maƙwabta. Kawu yayi wa maigidan magana akan a rage rassan da kaucin ya kama, yace masu magani na zuwa suna saya a wajensa ba zai sare ba, kuma bishiyarsa ce a cikin gidansa ba yadda za a yi da shi. Don haka duk bayan kaka in ganye ya ragu sai a sa yaro ya hau tsani ya duba rassan lemon da na gwaibar da aka dasa daga baya, in anga ɗan tsiro mai ganye biyu manne a jikin reshe a kankare shi da wuƙa tun bai huda ciki ba, bana an cire guda huɗu a lemon, gwaibar babu ko ɗaya.